Ranar Da Kaza Da 'Ya'yanta Suka Ɓace Daga Kwamfutarmu

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ba ku labarin abin da ya same ni a watan Afrilun 2025, lokacin da na tashi sabunta wata manhajar kallon taurari da ke cikin kwamfutar gidanmu, har na kusa yin asarar abin da kuɗi ba ya saye. Wataƙila wani ya ce me ya haɗa ɗalibin harshe da taurari? Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni sannu a hankali, zai ga mahaɗar.

A unguwar Sabo da ke Ibadan aka haife ni, a nan kuma na yi wayo. Duk wanda ya san garin ya san ba wurin kallon sama ba ne, domin in babu hadari akwai hazo, in babu hazo akwai hasken fitilu da hayaƙin janareta. Saboda haka har na kusa gama sakandare ban san sunan tauraro ko ɗaya ba in ban da Zara, ita ma a bakin mutane na san ta, da ake cewa Zara matar wata. A farkon shekarar 2020 aka kawo kakanmu na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, daga ƙauyenmu na ƙasar Sakkwato domin a duba masa ido. Ba a jima ba annobar korona ta sauka, aka rufe makarantu, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, sai zuwan mako biyu ya zama zaman wata shida.

Baba Tsoho manomi ne, kuma ya yi karatun allo da na littattafai daidai gwargwado. Kullum bayan sallar magariba yakan sa a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ya ɗaga kai sama, ya tambaye ni abin da nake gani. Wata rana a farkon Afrilun shekarar na ce masa ga wani tauraro mai haske ƙwarai a yamma, ga kuma wasu 'yan ƙanana sun yi cincirindo a jikinsa. Sai ya yi zumbur ya tashi zaune, ya ce, "Zara ce ta shiga gidan Kaza. Abokina, kama hannuna ka nuna mini." Na kama hannun na nuna masa, amma yanar da ke idonsa ba ta bar shi ya ga komai ba sai ɗigon Zarar, shi ma dishi-dishi. Bai ƙara cewa uffan ba, ya koma ya kishingiɗa.

Yayana, wanda a lokacin yake karatun injiniya, yana gefe yana kallonmu. Washegari ya ɗora wa tsohuwar kwamfutar tebur da ke falo wata manhaja mai suna Stellarium. Wani Bafaranshe ne mai suna Fabien Chéreau ya fara rubuta ta a shekarar 2001, daga baya masu aikin sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka shigo aka ci gaba da gina ta, kuma kyauta ake ba da ita. Aikinta shi ne ta zana maka sama a fuskar kwamfuta kamar yadda take a garin da ka zaɓa, a rana da sa'ar da ka zaɓa, ko a baya ko a gaba. Wadda muka ɗora ita ce bugu na 0.20, kuma ta zo da taurari sama da 600,000 a cikinta.

Da muka fara buɗe ta babu intanet, sai ta nuna mana saman birnin Faris. Yaya ya girmama taurarin yadda tsoho zai iya gani, Baba Tsoho ya matso da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa gilashin, ya daɗe yana dubawa, sannan ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba samanmu ba ne, tauraron arewa bai taɓa hawa haka ba." Gaskiyarsa kuwa, domin tsayin wannan tauraro daga ƙasa daidai yake da nisan gari daga tsakiyar duniya: a Faris kusan digiri 49, a Sakkwato 13, a Ibadan ɗan sama da 7. Yaya ya danna F6 ya mayar da mu Sakkwato, ya danna F5 ya mayar da agogo daren jiya. Sai ga Zara a jikin Kaza da 'ya'yanta, tas. Ranar na fara ganin tsohon nan ya yi dariya har da hawaye tun zuwansa Ibadan.

Sai dai duk tauraron da na danna, sunan da ke fitowa na Turawa ne ko na Girkawa, in na karanta masa sai ya ce bai san wannan baƙo ba. Ya riƙa gaya mini sunayen da ya sani. Ya ce a lissafin da ya gada wajen malamansa taurarin shekara 28 ne, kowane yana da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, in ka haɗa sai su ba ka kwana 365. Bakwai-bakwai aka raba su tsakanin bazara da damina da kaka da ɗari. Na damina su ne Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan. Sunayen daga Larabci suka zo, amma bakin Bahaushe ya riga ya lanƙwasa su, manomi kuma ya rataya wa kowane aikinsa. Kaza da 'ya'yanta ita ce malamai ke kira Surayya.

A cikin manhajar akwai wani sashe, in ka danna F4, inda aka jera yadda al'ummomi daban-daban ke kiran taurari, kamar Sinawa da Larabawa da Misirawan dauri da Maori. Mun duba jerin daga sama har ƙasa ba mu ga Hausa ba. Yaya ya ce ai kowa na iya ƙara tasa, 'yan fayiloli ne na rubutu zalla ake zubawa cikin jaka guda. Shi ya buɗe jakar ya sa mata suna, ya nuna mini yadda ake rubutun, ya koma kan karatunsa. Daga nan aiki ya zama nawa da Baba Tsoho. Kowane tauraro mai haske yana da lamba daga kundin Hipparcos, wato wani tauraron ɗan'adam na hukumar sararin samaniya ta Turai wanda ya yi aiki daga 1989 zuwa 1993, ya auna taurari kusan 118,000. Tsoho zai sa yatsa a gilashi, in danna wurin, lamba ta fito, in rubuta ta da sunan da ya faɗa. Dabaran shi ne 21421, Simak 65474, Ƙalbu 80763. A irin waɗannan fayiloli, duk layin da ya fara da alamar # manhaja ba ta karanta shi, tsallakewa take yi. A nan na riƙa ɓoye maganganun da yake yi tsakanin suna da suna, irin su, "In Kaza ta fara shigewa tare da magariba, a fito da fartanya a gyara mata ƙota."

Sau ɗaya kawai muka yi gardama. A ƙarshen Mayun 2020 Zara ta daina fitowa da yamma, kafin ƙarshen Yuni kuma sai ga wani tauraro mai haske a gabas da asuba, wanda Baba Tsoho ya ce Gamzaki ne. Ni kuwa da rawar kai irin ta yaro na tura agogon manhajar gaba kwana-kwana, na nuna masa yadda Zara ta gangara ta shige hasken rana a ranar 3 ga Yuni, ta ɓullo ta ɗaya gefen. Na ce masa abu ɗaya ne, duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, saboda haka suna ɗaya ya ishe ta. Ya ce, "To na ji ɗaya ce. Ubanka a kasuwa Alhaji ake ce masa, a gida uwarsa da wani suna take kiransa. Wanne za ka goge?" Na yi dariya, amma da na zo rubutawa Zara kaɗai na sa, na bar Gamzaki. A ganina a lokacin ilimin boko ya riga ya yanke hukunci.

Da hanya ta buɗe Baba Tsoho ya koma gida, kuma Allah ya yi masa rasuwa a ƙarshen 2022. Allah ya jiƙansa. Tun daga nan ban ƙara taɓa komai a manhajar ba. Nakan buɗe ta jefi-jefi in ga sunayen a warwatse a sama, in rufe. Ban kwafe su a takarda ba, ban ajiye su a wani wuri ba, ina ganin tunda suna cikin kwamfuta ai sun tsira.

Sannu a hankali tsufa ya fara bayyana a jikin manhajar. A Oktoban 2024 duniya ta ɗauka da labarin tauraro mai wutsiya da ake kira Tsuchinshan-ATLAS, na neme shi a cikinta ban same shi ba. Dole kuwa, tunda sai a farkon 2023 aka gano shi, manhajar da aka ɗora a 2020 ina za ta san shi? Haka kuma ta ce mini tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa za ta wuce ta kanmu da ƙarfe kaza, na tara ƙannena a waje muka yi ta jira har sauro ya kore mu. Sai daga baya na gane cewa abubuwa uku ne a tattare, kowane da irin sabuntawarsa. Akwai uwar manhajar. Akwai kayan ƙari da ake maƙala mata, kamar mai nuna taurarin ɗan'adam, da mai shigo da taurari masu wutsiya, da mai nuna ruwan taurari, da mai sarrafa madubin hangen nesa. Sannan akwai bayanan da waɗannan kayan ƙari ke ci. Tashar nan tana tafiya ne a tsayin kusan kilomita 400, tana zagaya duniya cikin minti 90 da 'yan kai, kuma lokaci-lokaci ana ɗaga ta sama saboda iska na jan ta ƙasa, don haka lissafin hanyarta ba ya daɗewa yake tsufa, ni kuwa da na shekara huɗu nake aiki. Da na san haka, da bayanan kawai zan sauke ta cikin kayan ƙarin, tauraro mai wutsiya ya fito, ita ma tashar ta zo a kan lokaci. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da ya tunzura ni daga ƙarshe shi ne darasinmu na al'adun Hausawa. Malam ya raba mana batutuwan da za mu gabatar a aji, ni kuwa da bakina na roƙi a ba ni taurari a al'adar Hausa, har na yi alkawarin zan nuna su da majigi, da sunayensu na Hausa. Malam ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, suna nan a ajiye." Saura kwana biyar sai na ce bari in yi wa manhajar kwaskwarima, kada in je gaban jama'a da tsohon yayi. Da na duba sai na tarar an yi mini nisa. Bugu na 1.0 ya fito tun Oktoban 2022, bayan fiye da shekara ashirin ana aiki, daga 2023 kuma aka koma sa lamba da shekara, ana fitar da sabo sau huɗu a shekara. Wanda ke kan gaba a lokacin shi ne 25.1, na watan Maris ɗin 2025.

Kuskurena na farko gaggawa. Akwai iri biyu na masu Windows, ɗaya an gina shi a kan Qt6 wanda ke buƙatar Windows 10 ko sama, ɗayan a kan Qt5 domin tsofaffin na'urori. Tamu Windows 7 gare ta, amma ban tsaya karantawa ba na sauke na farkon, ɗaruruwan megabait, da datar da na saya da kuɗin abincin rana. Ya ƙi aiki. Na sake sayen data na sauke na biyun, ana saura kaɗan ya gama aka ɗauke wuta. Sai a dare na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, na samu ya ɗoru. Kuskurena na biyu shi ne, akwai takardar bayanin abubuwan da suka canja a kowane bugu, ban ko kalle ta ba.

Da ta buɗe, gaskiya na ga kyau. Wannan bugun ya koma amfani da kundin Gaia, wani tauraron ɗan'adam na Turai da aka harba a Disamban 2013, wanda ya auna taurari kusan biliyan biyu kafin a kashe shi a ranar 27 ga Maris ɗin 2025. Mai wadatar data da wuri a na'urarsa zai iya sauke ƙarin kundaye har taurarinsa su haura miliyan 220. Na saita Sakkwato, na danna F4 domin in zaɓi Hausa. Jerin ya ƙara tsawo, har da wani sashe na musamman na masaukan wata 28 na Larabawa. Na gangara wajen harafin H. Babu Hausa. Na rufe na sake buɗewa, babu. Na kashe kwamfutar na kunna, babu. Na danna kan Kaza, sai ga sunan nan na Girkawa da Baba Tsoho ya ce bai san shi ba.

Ya kai mai karatu, ban san yadda zan kwatanta maka abin da na ji ba. Maganar aji da kunyar Malam duk ba su zo mini a rai ba a lokacin. Abin da na tuna shi ne yatsan tsohon nan a kan gilashi, da cewa mutumin da zan koma in tambaya yana cikin ƙasa shekara biyu da wani abu. Na gwada rubuta sunayen da ka a bayan littafina, na kawo goma sha ɗaya na tsaya, kuma ko a cikinsu ban iya cewa ga tauraron da kowane suna yake kai ba. Maganganunsa kuwa biyu kacal na iya tunawa. Na bincika inda aka girka manhajar, jaka bayan jaka, ban ga tamu ba. Har aka kira assalatu ina zaune. Umma ta fito alwala ta gan ni, ta ce, "Lafiya kake zaune cikin duhu?" Na ce mata na goge taurarin Baba Tsoho. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kira yayanka kafin ka yanke wa kanka hukunci."

Yaya yana Fatakwal wajen aiki. Da na gaya masa, tambayar farko da ya yi mini ita ce ko na karanta bayanin sabon bugun. Na ce a'a. Ya ce, "Kai dai ba ka canja ba." Sannan ya ce shi tun farko bai sa jakarmu a inda aka girka manhajar ba, ya sa ta ne a wata ɓoyayyar jaka da Windows ke ware wa mai amfani da na'ura, inda saituna da kayan da mutum ya ƙara da kansa ke zama. Ya ce in rubuta %appdata% a wurin bincike, in shiga Stellarium, in shiga skycultures. Hannuna na rawa na bi. Sai ga ta nan, hausa, da ƙananan haruffa, da kwanan watan 2020 a gefenta. Na buɗe fayil na farko, layin da idona ya fara sauka a kai shi ne na fartanya da ƙota.

Ashe ba abin da aka goge. Abin da ya faru shi ne, daga bugu na 25.1 an canja tsarin rubuta sunayen taurari na al'ummomi. A da fayiloli ne da yawa masu ƙarewa da .fab, yanzu kuwa an tattara su a fayil guda mai suna index.json, da wani na bayani mai suna description.md. Duk al'ummomin da ke cikin jerin asali, masu manhajar sun juya musu nasu zuwa sabon tsari kafin su fitar. Tamu kuwa ba su san da ita ba, tunda ba ta taɓa fita daga falonmu ba. Sabuwar manhajar ta leƙa jakar, ba ta ga fayil ɗin da ta sani ba, ta wuce abinta. Kamar ka miƙa wa wanda boko kaɗai ya iya takardar ajami ne. Rubutu na nan, mai karantawa ne babu.

Abu na farko da na yi, na kwafe jakar a filas, na tura wa Yaya, na kuma je shagon buga takardu na fitar da ita shafi huɗu. Yaya ya ce akwai 'yar manhajar da aka tanada mai juya tsohon tsari zuwa sabo, amma da na karanta shafukan nan huɗu sai na ga gara in sake rubutawa da hannuna, domin na ga aika-aikar da na yi ina yaro. A 2020 ban san yadda ake samar da haruffa masu lanƙwasa a kwamfuta ba, don haka na rubuta Darfa a maimakon Ɗarfa, Haka'a a maimakon Haƙa'a. Mafi muni shi ne Ƙalbu, jan tauraron nan da ke ƙirjin kunama, wanda sunansa ke nufin zuciya. Na rubuta shi Kalbu, wanda a Larabci kare ke nan. Shekara biyar zuciyar kunama na zaune a kwamfutarmu da sunan kare, saboda rashin ƙugiya ɗaya a kan harafi. Da a ajami Baba Tsoho ya rubuta da kansa, da wannan kuskure bai faru ba, tunda haruffan biyu ba su ko yi kama ba. Duk ɗalibin da ke ganin ƙa'idojin rubutu wahalar da kai ce, ga misali na ba shi kyauta.

Dare biyu na yi ina aikin. Sabon tsarin ba ya yafiya, waƙafi ɗaya in ya ɓace sai fayil ɗin gaba ɗaya ya ƙi karantuwa, kuma sau uku hakan ta same ni. Dole kuma a adana shi da tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su koma alamar tambaya. Na yi amfani da sashen masaukan wata na Larabawa na gwada da namu ɗaya bayan ɗaya, na tarar wurare biyu ne kawai muka saɓa, kuma na fi zaton yatsan tsoho ne ya goce ko ni na danna maƙwabcin tauraro. Ban goge nasa ba, na rubuta duka biyun na yi bayani. Wata matsalar kuma, shi tsarin JSON ba shi da wurin ɓoye magana irin layukan nan masu alamar #. Saboda haka maganganun Baba Tsoho dole suka tashi daga maɓoyarsu suka koma fayil ɗin bayani, wanda shi ne ke fitowa a fili ga duk wanda ya zaɓi Hausa a jerin. Da na zo kan duniyar nan ta biyu daga rana, na ga sabon tsarin jeri yake karɓa, wato abu guda na iya ɗaukar suna fiye da ɗaya. Na rubuta Zara, na sa waƙafi, na rubuta Gamzaki.

Na gabatar da aikina ranar Alhamis. Da sunayen suka fito a bango, wata 'yar ajinmu Bayarabiya ta ɗaga hannu ta ce su ma suna da sunan da suke kiran tauraron nan da ke raka wata, kuma kakarta na da labari a kansa, ko za a iya yi wa Yarabanci irin wannan? Na ce mata ƙwarai, amma ta fara da zuwa wajen kakar da littafi da biro. Malam kuma ya gyara mini rubutun suna ɗaya, ya ce in je in tambayi wasu tsofaffin daga Katsina da Zariya da Damagaram, domin abin da mutum ɗaya ya faɗa ba ya zama na Hausawa duka. Na karɓi wannan gyara, kuma shi ne aikin da nake kai har yanzu.

Washegari Juma'a, 25 ga Afrilun 2025, sabuwar manhajar ta ce in na fita kafin fitowar rana zan ga tsohon wata siriri a gabas, da Gamzaki kusa da shi. Bayan sallar asuba na ta da ƙanwata muka hau saman bene. Allah ya taimake mu babu hadari. Ga su nan kuwa yadda aka ce, a saman rufin kwanon unguwa. Ta ce, "Yaya, wannan ba ita ce Zarar da ka nuna mini da yamma kwanakin baya ba?" Na ce ita ce, amma da asuba Gamzaki ake ce mata. Ta ce don me abu ɗaya zai yi suna biyu? Sai na ba ta amsar Alhaji da kasuwa.

Daga ƙarshe, 'yan'uwana, ga ɗan abin da na tsinta. Kafin ka sabunta kowace manhaja, karanta bayanin abin da ya canja, ka duba ko na'urarka za ta ɗauka, ka kuma san inda kayan da ka ƙara da hannunka suke zaune, ka kwafe su a wani wuri. Abin da masu manhaja suka zuba, su za su ɗauke shi zuwa sabon bugu. Abin da kai ka ƙara, kai ne mai ɗaukarsa. A yawancin na'urorin da muke amfani da su harshenmu a sahun kayan ƙari yake, saboda haka kowane sauyi zai iya barinsa a baya in babu mai kula. Wanda duk ke da tsoho a gida da ya san sunan tauraro, ko na ciyawa, ko na kayan saƙa da ƙira, ya rubuta tun yau, da haruffa masu lanƙwasa, a wuri fiye da ɗaya, ya kuma ba wani ya ajiye.

Zara takan koma gidan Kaza duk bayan shekara takwas. Na tura agogon manhajar gaba na gani, farkon Afrilun 2028 za ta sake shiga. In Allah ya kai mu da rai da lafiya, ina da niyyar in kalle ta daga ƙauyenmu, a tsakar gidan Baba Tsoho, da takardun nan a hannuna. Allah ya jiƙan magabatanmu, mu kuma ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.